Sifikokin Mota a Falon Umma

Litinin, biyar da rabi na yamma

Yau ma Umma ta leƙo falo ta ce in ƙara wa rediyo murya. Ba ni ta kalla ba, rediyon ta kalla. Na murɗa har ya ƙure, amma sifikar hagu sai zuuu take yi kamar ƙuda ya shiga kwalba, ta dama kuma tun bara take tari. Muryar Yaya, babban wanmu, ta ratso ta cikin waƙar tsaf, ba kalmar da ta ɓace a hanya.

Auta ta shige ƙarƙashin tebur da 'yar tsanarta. Shekararta shida, amma ta riga ta san ƙarar takalminsa a matakala. Na bi ta na zauna, kaina yana gogar katako, na karanta mata wurin da jarumin littafina ya tsaya cikin ruwan sama a ƙofar gidan su yarinyar. Ta tambaye ni me ya hana shi sayen laima.

Rediyon na Baba ne, ya girme ni. Baƙi ne, mai gidan kaset biyu, da akwatunan katako guda biyu da Umma ta ɗora wa furen roba. Baba yana hanya da babbar mota sai ƙarshen wata. Kafin ya tafi ya ɗaure babur ɗinsa da sarƙa a ƙarƙashin matakala, ya ba Umma makulli, ya ce ko wa ya tambaya kar ta bayar. Bai kama suna ba. Wannan makullin ne Yaya yake zuwa gidan nema.

Umma ta ce abin cikin gida na cikin gida ne. Anti nas da mijinta suna samanmu, kuma rufin falonmu ba ya riƙe magana. Shi ya sa rediyo.

Talata, ƙarfe bakwai

Bai zo ba. Na ci abinci har na ƙara.

Laraba, shida na yamma

Ya zo. Ba zan rubuta abin da ya ce wa Umma ba, in na rubuta ya zauna ke nan. Kofunan Umma masu bakin zinare sun ragu.

Da nake yi wa Auta wanka ta tsoma 'yar tsanarta a bokiti, ta girgiza ta, ta faɗa mata wata kalma da muryarsa, har da yadda yake jan ƙarshenta. Soso ya faɗi daga hannuna. Na ce a ina ta ji, ta ce a cikin waƙa.

'Yan matan littattafaina zuciyarsu tana dukan uku-uku in sun ji ƙarar motar masoyi. Tawa ma tana yi. Ban san haka abin yake da ciwo ba.

Alhamis, bayan makaranta

Na kwance sifikar hagu da sukudireban Yaya, wanda ya bari a durowa tun lokacin da yake aiki a shagon gyaran waya. Takardar cikin ta yage daga baki zuwa tsakiya, soson da ya kewaye ta kuma ya rududduge, ina taɓawa yana zuba kamar tsohon burodi. Na yanki gefen wani hankici na manna da gam, na hura har kaina ya juya. Waƙa ɗaya ta yi lafiya lau, a ta biyu ta sake ɓarkewa, yanzu ƙudan ya zama biyu.

Da can shi zan kai wa. Shi ya fara sayo mini littafi, yana tsokanata wai Kurma, saboda in ina karatu ko gida zai rushe ba na ji. Yakan ƙwace littafin ya hau kujera ya karanta da muryar mata, hannu a ƙirji, Umma tana dariya har tana riƙe ciki. Wannan Yayan nake nufi in na ce Yaya. Wanda yake hawo matakala yanzu rigarsa kawai ya sa.

Juma'a, da rana

Lafiya lau. Ba komai.

Asabar, huɗu na yamma

Na je wurin mai gyara, wanda shagonsa yake bayan mai faci. Tun daga gida nake bitar abin da zan ce, ina isa bakina ya mutu. A littafi da wani saurayi mai dogon hanci zan tarar, ya ɗago ido, duniya ta tsaya. Ni tsoho na tarar, da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, yana cin gyaɗa a murfin talabijin. Ya bar ni a tsaye har ya gama ɓarewa, sannan ya ce 'yata, sifikar ce ba ta magana ko mai sifikar?

Na miƙa masa. Ya juya ta, ya danna da yatsa, ya ce wannan ta riga mu gidan gaskiya, a yi mata addu'a kawai. Sababbi ya nuna mini a kwali, na ji farashin na kama hanyar fita. Sai ya kira ni ya jawo wasu daga ƙarƙashin benci, duk ƙura. Na mota ne, ya ce, an ciro su daga ƙofar wata mota da ta yi hatsari, motar ta tashi aiki amma su ko ƙwarzane. Ya haɗa ɗaya da batir ta yi ɗum, na ji har a tafin ƙafata. Ya ce in bar masa tsofaffin saboda maganaɗisun bayansu, in cika masa abin da ya sauƙaƙa. Ya ce in haɗa wayoyin ja da ja, baƙi da baƙi, kuma na mota suna da ci, in na ji kan rediyon ya yi zafi in sassauta masa.

Ya tambaye ni biki za a yi ne. Na ce ƙanwata ce take son kiɗa.

Na kwashe littattafaina na sayar wa matar da ke ba da hayar littattafai a bakin layi, don in sami kuɗin cikon. Ta zauna tana liƙa yawu a yatsa tana duba ko shafin ƙarshe yana nan, wai 'yan mata suna yage ƙarshe su ajiye. Guda ɗaya na hana ta, na mai ruwan saman.

Lahadi, da hantsi

Ramin akwatin ya fi sababbin faɗi, suna faɗawa ciki. Na cire ƙasan wata tsohuwar durowa, na kifa faranti na zana, na yanka da wuƙar kicin da ƙusa mai zafi. Babban yatsana ya yi ruwa. Umma ta wuce sau da yawa da tsintsiya, can sai ga ta da tsohon matashi, ta ce ta taɓa ganin Baba yana cusa auduga a ciki.

Wayoyin Baba sun koɗe, ba ja ba baƙi, duka ruwan toka. Na canka kawai na haɗa.

Sauti ya fito, da ƙarfi ma, amma siriri, kamar mawaƙin yana waƙa ta hanci daga ɗakin maƙwabta. Ganga ba ta da ciki. Na zauna a ƙasa ina kallon inda littattafaina suke da, na yi kuka kaɗan.

Litinin, da yamma

Da safe ya zo, ina sa takalmin makaranta. Gabana ya faɗi, don bai saba zuwa da safe ba. Amma ya yi wanka, idonsa fari, ya gaishe da Umma har ƙasa, ya ɗaga Auta sama. Ita dai ta sandare kamar itace har ya sauke ta.

Ya ga akwatunan ya durƙusa. Ya tambayi wa ya yi wannan aiki, na ce ni. Ya shafa katakon da na yanka, ya yi dariyar nan tasa ta da, ya ce Kurma ta zama injiniya ba a gaya masa ba. Ya kunna, ya karkata kai, ya ce ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, shi ya sa suke cinye juna. Ya juya wayoyin sifikar dama da farcensa kawai. Falon ya cika. Furen roba ya fara rawa a kan akwatin.

Ya ce, "Yanzu kam ko a titi za a ji. Me za ki yi da wannan ƙara haka?"

Na kalli Umma. Umma ta ce shayi zai huce.

Duk yinin yau a aji hannunsa nake gani a kan wayoyin. Na ce wa kaina wataƙila ya wuce ke nan. A littafi haka ake yi, mutum ya farka wata safiya ya dawo.

Talata, shida

Bai wuce ba.

Amma sifikokin sun yi aiki. Na rufe ƙofar falo na murɗa rabi kawai, ban ji komai ba sai ganga. Auta ta fito daga ƙarƙashin tebur ta yi rawa da 'yar tsanarta, ta ja ni na tashi, ni da ba na rawa ko a gaban madubi. Da kaset ɗin ya ƙare Yaya ya riga ya tafi. Umma tana shara a kicin, ta ce mini Allah ya yi albarka.

Na ji daɗi. Na rubuta don in tuna cewa na ji daɗi.

Alhamis, biyar

Anti nas ta tare mu a matakala da kayan aikinta, ta ce wa Umma, maƙwabciya, wai kullum biki ake a gidanku ba gayyata? Ta ce gilashin tagarta har rawa yake, mijinta ya ce ko dai an buɗe gidan rawa a ƙasa ne ya sauko ya yanki tikiti. Umma ta yi dariya sosai, ta ce 'yan matan zamani ne, ta rasa yadda za ta yi da ni. Anti ta ja kumatuna ta ce shiru-shirun nan ashe na munafunci ne. Ta ɗan tsaya tana kallon Umma, sannan ta haye.

Baba ya bugo. Umma ta ce kowa lafiya, Yaya yana neman aiki. Da aka ba ni wayar ya tambayi karatu, na ce lafiya lau. Ya ce muryata ta yi ƙasa, na ce layi ne.

Kan rediyon yana zafi kamar dutsen guga. Na ɗora shi a kan bulo biyu don iska ta shiga.

Asabar

Ba komai. Na karanta littafina daga farko. Na san jarumin zai shigo daga ruwan, amma sai da na ji tsoro kar ya tafi.

Litinin, takwas saura



Ya zo wajen huɗu. Na yi kamar kullum, ƙofa, kaset, murɗawa. Wannan karon na wuce rabi, don tun a matakala na ji yadda yake taka ƙasa. Muka kwanta a kafet ni da Auta ina karanta mata a kunne. Gefe ɗaya ya ƙare, na juya kaset ɗin da sauri don kar a sami tsakani. Ni da kaina na juya.

Da na biyun ya ƙare gidan ya yi tsit. Ba ƙarar shara. Na jira, na jira, sannan na buɗe.

Umma tana zaune a ƙasan kicin, ta jingina da firji, ta rungume hannunta na dama. Ɗankwalinta yana can wajen murhu. Ta ce santsi ne ya kwashe ta. Ƙasan a bushe yake. Na durƙusa zan ɗaga ta, sai ta ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"Na kira ki. Na yi ta kiran ki."

Ban san tsawon lokacin da ta yi a wurin ba. Ban tambaya ba.

Na ce bari in kira Anti, ta riƙe rigata da hannun hagu ta ce in na hau benen nan ba ta yafe ba. Na ɗaure mata da tsohon mayafi. Wuyan hannun ya kumbura ya yi sheƙi. Makullin yana nan a wuyanta cikin zare, ta taɓa shi ta tabbatar.

Talata, da safe

Ban je makaranta ba. Na ce cikina ne.

Laraba, uku na rana

Ni nake girki, Umma tana zaune a kujera tana ba da umarni, tana cewa na cika gishiri kamar mai soyayya. Ta yi dariya, na yi. Yatsunta sun canza launi. In za ta fita baranda sai ta saka hannun cikin mayafi.

Na ce mata ba zan ƙara kunna rediyon ba. Ta ce zan kunna. Ta ce ɗanta ne, ita ta haife shi, ba za ta bari a riƙa nuna shi da baki a layi ba, kuma in Baba ya ji ta bakin waje ba ta san abin da zai faru tsakaninsu ba. Ta ce in ya sami aiki zai daidaita. Ta ce in tuna Auta. Na ce to.

Kullum to nake cewa. A makaranta ma in an taka ni, ni nake ba da haƙuri.

Ina ta kallon sifikokin. Daga ƙofar motar da ta yi hatsari. Ina tunanin ko kiɗa suke yi a lokacin, ko waɗanda ke ciki sun yi ta kira.

Alhamis

Duk wanda ya taka matakala sai in kasa kunne. Mai kawo ruwa ne. Mijin Anti ne. Akuyar wani ce.

Juma'a, bakwai da wani abu

Ya zo.

Na ji takalmin tun daga ƙasa, ya tsaya wajen babur ya daki sarƙar da ƙafa. Umma ta miƙe ta gyara mayafi a kan hannun, ta kalli rediyo, ta wuce kicin. Na kunna. Na murɗa. Ya shigo bai kalle mu ba, ƙofar kicin ta rufu.

Auta ta miƙo hannu mu yi rawa. Ganga tana dukan ƙirjina, ina kallon ƙofar, ba na jin komai daga bayanta. A da wannan nake so. Yau na tsaya ina tunanin wataƙila a wannan minti take kira na, wataƙila tun ɗazu.

Na ɗauki kofi na ba Auta na ce ta hau ta ce wa Anti a sam mana sukari, kuma ta zauna a can har in zo. Na tsaya na ji ƙafafunta sun kai sama. Na buɗe ƙofar gida na bar ta a buɗe, na buɗe tagar falo duka biyu. Sannan na zo gaban rediyon. Yatsana ya daɗe a kan abin kashewa, gumi yana bin bayana. Na tuna ta ce ba ta yafe ba. Amma hawa bene ta hana ni, ban hau ba.

Na danna.

Bai lura ba, ya ci gaba. Muryarsa ta cika falo, ta fita ta ƙofa, ta hau matakala. Duk kalmomin da na ƙi rubutawa suka fita waje kowa ya ji. Wani abu ya fashe. Sai muryar Umma, ba shi take yi wa magana ba, ni take kira, wai in kunna, in kunna don Allah. Na toshe bakina da hannu biyu na tsaya a inda nake.

Sai na ji ƙofar sama. Takalmin mijin Anti, mai nauyi, da silifas ɗin Anti a bayansa, sai mai shagon da ke ƙasan benenmu. Suka wuce ni kamar ba su gan ni ba. Sauran ban gani ba, na zauna a bayan kujera na sa kaina a gwiwa. Na dai ji mijin Anti yana cewa ya isa, ɗana, ya isa haka, yana ta maimaitawa da murya ƙasa-ƙasa. Can na ji wani yana kuka kamar ƙaramin yaro, kuma ba Auta ba ce.

Da za su fita da shi ya tsaya a ƙofar falo. Na san ni yake nema da ido. Ban ɗago ba.

Asabar, da rana

Karaya ce. Anti ta warware mayafin ta kalli hannun, ta kalli Umma, ta ce santsin nan tun yaushe yake kwasar ki? Umma ta kau da kai. Sun je asibiti sun dawo da farin filasta har gwiwar hannu. Anti ce ta bugo wa Baba, a gabanmu, ba ta nemi izinin kowa ba. Ya ce zai ba wani motar ya juyo.

Yaya yana gidan Kawu. An ce akwai inda za a kai shi, wurin da ake kwana a ga likita. Ba wanda ya yi mini bayani, ban kuma tambaya ba.

Umma ba ta yi mini magana ba tun jiya. In tana son abu sai ta ce wa Auta ta gaya wa yayarta.

Lahadi, biyar na yamma

Mata suna ta shigowa dubiya, har waɗanda ba su taɓa taka gidanmu ba. Suna zama a falo, idonsu yana yawo a bango. Wata ta ce ashe shi ya sa kiɗan nan. Umma tana murmushi tana cewa an gode. Da suka tafi fuskarta ta sauka kamar an sauke labule.

Na kai mata ruwa. Ta karɓa ba ta sha ba.

"Kin tona mana asiri," ta ce.

Na ji ba da haƙurin ya taso har maƙogwarona, kamar kullum. Na haɗiye shi.

"Eh, Umma."

Ta daɗe tana kallona. Ban sunkuyar da kai ba. Ta ce idan babanku ya zo ya kore shi gaba ɗaya fa, in ya ce ba ɗansa ba ne fa? Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba, kuma shi ne abin da ya hana ni cin abinci yau. Ta juya ta kalli taga.

Litinin, shida da rabi

Baba ya bugo daga hanya, gobe da rana zai iso. Muryarsa ba ta yi kama da ta mai faɗa ba, ba ta kuma yi kama da komai da na sani ba. Ina tsoron gobe. Ina tsoron ranar da zan haɗa ido da Yaya, in akwai ranar.

Auta ta ce in kunna mata kiɗa. Na kunna a hankali, can ƙasa, yadda ana jin motoci a titi da famfon Anti yana zuba. A haka ma sun fi daɗi, ashe akwai wani ɗan siririn kiɗa a bayan gangar da ban taɓa ji ba.

Muna cikin haka Umma ta kira sunana daga ɗaki. Sau ɗaya, ba ta ɗaga murya ba. Na same ta a bakin gado da mataji a hannun hagu, gashinta ya cukurkuɗe ta kasa. Ta miƙo mini matajin ta juya mini baya. Na hau gadon na durƙusa na fara daga ƙasa, a hankali.

Ta ce ina ja mata da zafi. Na ce ta yi haƙuri ta zauna daidai.